Inabin Nakle

Nakle Shidyak abokina ne tun muna yara, gonarsa na jikin tawa a bayan garin Zahle. Jiya muka binne shi.

Inabin obaidi ya gada, irin namu mai kwanciya a ƙasa, wanda ba ya neman ban ruwa. A ci shi ɗanye, a shanya ya zama zabibi, a dafa ya yi zuma, a tsiyaye giyar arak. Sai kamfanin giya ya aiko cewa irin Faransa kaɗai zai riƙa saye. Nakle ya kawo tarakta ya tumɓuke komai, ya dasa irin Faransa, ya kafa masa turaku da waya.

Na kira shi da sunan ɗansa kamar kullum, na ce, "Abu Fadi, bar ko layi biyu mana."

Ya yi dariya. "Tanyus, tsakaninka da jakinka ban san wa ya fi tsoron sabon abu ba."

Shekarar da sabon inabin ya fara 'ya'ya sosai, kamfanin ya ce ba a sayen giyar da yake yi, ba zai turo mota ba. Inabi ya nuna, yana ta yamushewa a jikin waya. Muka cika kwanduna muka kai kasuwa. Wata tsohuwa ta ɗanɗana ɗaya ta tofar.

"Ɗan nan, wannan inabi ne ko tsakuwa? Daga fata sai ƙwallo!"

Nakle ya ce, "Inna, ɗauki a rabin kuɗi. To ɗauki kyauta!"

Ba ta ɗauka ba. Ya bi masu dafa arak gida-gida, suka ce tukunyarsu ba ta san shi ba. Ya shanya a kan rufi, ya fito kamar masoro. A ƙarshe ya buɗe wa wani makiyayi gonar, awaki suka shiga, shi kuma yana tsaye hannu a baya.

Ƙarshen hunturu ya zo ƙofata da almakashi, ya kasa kallon idona.

"Ɗan'uwa, sammini rassa daga obaidinka in yi wa nawa aure."

Na ce ya yanki duk abin da yake so. Kullum yana durƙushe cikin sanyi, yana tsagawa, yana ɗaurewa, yana tari. Matarsa Wadi'a ta yi faɗa har ta gaji. Bai kai rabin gonar ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Ɗansa Fadi yana Kanada, ya ce a sayar da gonar. Na roƙe shi, har na yi kuka a waya, na ce ya dakata zuwa lokacin toho, mu ga ko auren ya kama.