Cokalin da Na Manta a Kwano

Bana shekara bakwai da rasuwar ƙanena Bashir, amma har yau ina jin ƙarar nan: tas-tas-tas. Ya zo hutu gidana a hanyar Jiwa, na sa masa shinkafa a na'urar ɗumama abinci, na manta cokali mai yatsu a kwanon. Tartsatsi ya tashi, na yi salati, shi kuwa ya kama dariya.

"Yaya, yau kin ga abokin gabata," in ji shi.

Ya zaunar da ni ya yi bayani. A can Turai, aikinsa kula da wasu tuluna na ƙarfe ne masu sanyin da ya wuce ƙanƙara, waɗanda ke ingiza ƙwayoyin zarra da gudu don bincike. In ɗan tsini ko datti da ido ba ya gani ya maƙale a ciki, wuta sai ta taru a kansa, ta fizgo lantarki, tulun ya yi zafi, aikin watanni ya lalace. Maganinsa wanki da tataccen ruwa, kafin a rufe. In an rufe, sai an kwance komai.

A lokacin Innarmu na kwance, ni kaɗai ke jinya. Ranar da zai koma, gajiya ta yi min yawa, na ce, "Je ka wanke wa Turawa tulu, mu ma wanke uwarka." Ya dube ni, ya ɗauki jakarsa. Wata biyu bayan nan ciwon zuciya ya ɗauke shi. Allah Ya ji ƙansa.

Da zai ga Abuja ta yau, gidaje sun cinye gonakin da ya sani, na san tambayoyi zai yi ta jerowa. Ni tambayata ɗaya ce, kullum bayan salla: ya yafe kuwa? Iliminsa na wurin abokan aikinsa. Abin da ya rage min shi ne ina duba kwano sau biyu, ina kuma duba bakina.

Jiya na ba 'yata Hanifa labarin. Shekararta biyar lokacin da abin ya faru. Sai ta ce:

"Umma, ai ranar da zai tafi, Kawu ya dawo bakin kicin. Sau biyu ya yi sallama. Famfo na zuba, ba ki ji ba."