Tela da Hoton Inna

Wai an ce Tela ya auri kyamara, har in ana ruwa shi ke jiƙewa, ita ke shan laima. Ƙarya ce, jama'a, ba a ɗaura ba tukuna! Tsohuwar kyamara ce kawai ya saya, da ƙyallen goge gilashi, da abin ɗora ta mai ƙafa uku, ƙafa guda ma da zaren ɗinki ya ɗaure ta.

Hoton Inna, mahaifiyarsa, ne ya jefa shi ciki. Sau ɗaya tak ya taɓa ɗaukarta, da waya, tana zaune bakin taga, rana a bayanta. Labule ya fito tsaf har da furanninsa, fuskarta kuwa baƙi ƙirin. Ta ce a sake, ya ce sai gobe, ɗinki na jira. Har ta rasu ba a sake ba.

Tun daga nan tsofaffin dangi ba su da sakat. Zai juya tsohuwa ta fuskanci haske, ya goge gilashi, ya riƙe numfashi kamar mai zura zare a allura, sannan ya danna. In ya koma shago, sai ya buɗe hoton Inna ya yi ta ƙara masa haske, ko ido ɗaya zai fito.

Rannan taubashinsa ya leƙo. "Tela, tsofaffi kaɗai ka iya ɗauka? Ga kyakkyawa a gabanka!"

Tela ko ɗagowa bai yi ba. "Kai ko shekara ka yi ba ka nan, ba mai kewar fuskarka. Matsa, ka tare min ƙofa."