Takardar da Na Mayar wa Baba Fasto

A shekarun da kuɗin man fetur suka haukata Kano, ni takarda ɗaya nake nema. Kowa a Sabon Gari da abin da ya sa a gaba: wannan babur, wancan firji, mu matan Zumunta na coci kuwa leshi ya hana wasunmu barci. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, masinja ma ya sayi rediyo mai kaset yana yawo da ita a kafaɗa. Ni abin da nake so shi ne takardar shaida daga ikilisiyarmu, da hatimi da sa hannu, wadda za ta ce an aike ni ƙasar Nijar aikin bishara.

Ungozoma ce ni. Iyayena Maguzawa ne da suka karɓi bishara tun ina goye, kuma wata baturiya ce ta koya mini karɓar haihuwa a ɗakin shan magani na mishan da ke ƙauyenmu. Aure ya kawo ni Kano. Maigidana ma'aikacin reluwe ne, ya rasu ya bar ni da ɗaki ɗaya da akwatin aikina, ba ɗa ba jika. Haihuwar Sabon Gari da ta Fagge duk ina karɓa, kuma ban taɓa tambayar mai naƙuda inda take sujada ba.

Fari ne ya kawo maganar Nijar. Mutanen can suka yi ta gangarowa, wasu suka zazzauna a gefen tashar jirgin ƙasa da 'yan ƙoƙunansu da tabarmi. Wata safiya wani tsohon abokin aikin maigidana ya zo da sauri ya ce akwai mace tana naƙuda a bayan rumfar kaya. Na je na karɓa. Namiji ne, ɗan mitsitsi, amma da ransa. Ina ɗaure cibi sai na ji uwar tana rera wata waƙa a hankali, waƙar da muke yi a sujada, da karin harshen Damagaram. Na tsaya da zare a hannu na tambaye ta inda ta koya. Ta ce a ƙauyensu gida biyar ne masu bi. Baturen da ke kewayo musu ya koma ƙasarsu, tun daga nan ba mai karanta musu Littafi Mai Tsarki. Ungozomar garin ma ta rasu, mata suna haihuwa su kaɗai, kuma ƙanwarta a kan gwiwa ta cika bara. Ba ta roƙe ni komai ba. Ni ce na koma gida na kasa cin tuwo.

Bari in faɗi amfanin takardar, don kada a ce neman suna nake yi. A lokacin, in ka ƙetare iyaka da ita, mishan ɗin can za su ba ka masauki, su ba ka magani da auduga, su tsaya maka in jandarma sun tambayi ko kai wane ne. In babu ita, kai baƙo ne kawai mai akwati. Ba a ba ka jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da masu bi ke karɓa a coci, ba a bari ka tsaya gaban jama'a ka buɗe Littafi, in ka yi ciwo ba wanda ya san da zamanka.

Na fara kai maganar wurin Baba Fasto. Tsoho ne siriri mai tsohon keke, shi ya ɗaura mana aure, shi ya binne maigidana, kuma 'yata yake ce mini. Ya saurare ni har na gama, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce lalle wannan kira ne. Amma shi kaɗai ba ya ba da takardar ƙetare. Sai majalisar dattawa ta zauna, sai kuma baturen da ke shugabancin mishan na yankinmu ya sa hannu.

Aka kira ni ranar wata Asabar da hantsi. Dattawa bakwai a kan benci, Bature a kan kujera, ni a tsaye har sai da Baba Fasto ya tuna ya ce a ba ni wuri. Baturen nan ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko'ina. Ya daɗe a ƙasar nan, ya binne ɗa a nan, Hausa kuwa ya iya ta har yana jefa karin magana fiye da kakata. Da ita ya bi ni a hankali. Ya ce doka ita ce a aika miji da mata, mijin kuma ya gama makarantar Littafi. Ya ce mace ita kaɗai a baƙuwar ƙasa, wa zai tsare ta, kuma bakin mutane ba ya barin gwauruwa. Ya rufe da cewa haƙuri maganin zaman duniya.

Na tambaya ko akwai miji da matar da za a aika. Babu. Waɗanda suka gama makarantar a shekarun nan, kowa cocin birni yake so mai fanka da lantarki, wasu ma sun ajiye kwalar fastanci sun shiga aikin gwamnati. Ban ga laifinsu ba sosai, zamani ne. Amma ke nan haƙurin da ake cewa in yi, ma'anarsa kada kowa ya je.

Na ce, "Malam, baturiyar da ta koya mini aikin nan, wa ya aure ta?"

Kowa ya san ta, kowa ya san har ta tsufa ta koma gida ba ta taɓa aure ba.

Na ce, "Teku ta ƙetaro ita kaɗai, ba ta jin ko sannu. Kuka ba ta takarda, kuka ba ta gida da mai gadi. Ni tafiyar wuni ɗaya ce a mota, harshensu nawa ne, tuwonsu irin nawa ne. A nuna mini bambancin."

Bature ya ce wannan daban ne. Na ce na ji daban ne, dabancin nake so a faɗa mini. Fuskarsa ta yi ja, bai faɗa ba, kuma har yau ba wanda ya faɗa mini. Wani dattijo ya so ya gyara zance, ya ce akwai wani mai bishara da matarsa ta rasu, in na yarda a haɗa mu sai mu tafi tare. Na ce masa na binne miji nagari ɗaya, ba zan ɗauki wani don ya zama mini fasfo ba. Nan taron ya watse. Aka ce za a ci gaba da addu'a a kai.

Wata biyar ana addu'a a kai. Duk ƙarshen wata in je, a ce mini ba a sami amsa ba tukuna. Na yi fushi ƙwarai, fushin da ke hana mutum rera waƙa. Ina zaune a cikin matan Zumunta sanye da ankonmu, ana buga tukunya ana juyi, ni bakina a rufe.

A gidan hayar da nake akwai wata 'yar Ibo mai shagon kayan masarufi, kowa Madam yake ce mata. Cocinsu daban da namu, amma famfo ɗaya muke tara. Kafin yaƙin basasa tana da rumfa biyu a kasuwa. Da ta dawo daga gudun hijira ta tarar da wasu a ciki, ba ta tsaya shari'a ba, ta ɗauki tire ta fara daga ashana da sabulu. Wata rana da yamma tana jin ina ta mita a kan takarda, ta ajiye tsintsiya ta dube ni. Ta ce ita ranar da ta sauka daga jirgi da yara uku, wa ya ba ta takardar cewa ta dawo Kano? Ta tambaye ni ko matan can takarda za su haifa. Na ji haushinta, don ta fi ni gaskiya. Kwana biyu bayan nan ta turo mini katan ɗin sabulu da reza da fitilar ƙwai.

Saura mota. A Kantin Kwari akwai wani Alhaji, mutumin Barno ne amma a Fagge aka haifi 'ya'yansa duka, yana tura atamfa dila-dila zuwa Damagaram. Ni na karɓi haihuwar matarsa wadda ta zo da gardama, tun daga nan Malama yake ce mini, kuma duk salla sai an aiko mini da nama. Na same shi a shago na faɗa masa komai, ban ɓoye abin da zai kai ni ba, don ba na so daga baya a ce na yaudari mutum. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce shi dai ba zai taya ni yaɗa addinina ba, wannan in sani. Amma ba zai iya tsayawa gaban Allah ya ce ya hana masu ciki ungozoma ba alhali akwai wuri a gaban motarsa.

Ya ce, "Malama, ki je ki karɓi haihuwa, wa'azin nan ki bar shi a akwati."

Na ce, "Alhaji, ai da akwatin zan tafi."

Ya yi dariya har ya share ido, ya ce taurin kaina ya fi na Barebari. Ya sa ranar Laraba, ya ce direbansa zai sauke ni a mararrabar ƙauyen ya kuma gabatar da ni ga maigari a matsayin baƙuwarsa.

Na je na sanar da Baba Fasto, don ba satar hanya zan yi ba. Ya roƙe ni in ƙara masa mako uku. Na ce motar ba tawa ba ce. Daga baya na ji cewa a kwanakin nan kullum sai ya tuƙa keken nan zuwa gidan mishan, ya zauna a baranda yana jiran Bature, tsoho da shi.

Ranar Laraba da sassafe ina tsaye a bayan Kwari, an gama lodi ana ɗaure tamfol. Madam ta rako ni, da mata uku na Zumunta waɗanda ba su ji tsoron a gan su ba. Direba ya riga ya tayar da mota sai ga Baba Fasto a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga, yana ɗaga wani farin ambulan sama kamar yaron da ya ci jarrabawa. Wallahi na yi murna, na ce ashe Allah ya taɓa zukatansu. Na karɓa da hannu biyu na buɗe a wurin.

Hatimi yana nan, sa hannu yana nan, sunana yana nan. Takardar ta ce an aike ni birnin Damagaram in zauna a gidan wasu sababbin turawan mishan, miji da mata, in riƙa yi musu girki da renon yara. In lokaci ya samu, zan iya taimakawa a ɗakin shan magani. Ba a yarda in zauna a ƙauye ba, ba a yarda in koyar da Littafi ba.

Na karanta sau biyu. Na dubi Baba Fasto na ga ya san abin da ke ciki.

Ya ce, "Ki karɓa, 'yata. Ki shiga tukuna, sauran zai zo a hankali. Iyakar abin da na iya samowa ke nan."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma na san abin da ya sha kafin ya samo. Da girki ne abin kunya da ban yi wa maigidana shekara goma sha ɗaya ba. Amma turawan nan ba su rasa kuku ba, birni cike yake da masu neman aiki. Wanda aka rasa shi ne mai zuwa ƙauyen. In na karɓi takardar, na sa hannu ke nan a kan cewa ba zan je ba, sai dai in karɓa da niyyar karya ta, ni kuwa ban iya wannan ba. Na ninke ta yadda take, na mayar cikin ambulan, na durƙusa na miƙa masa.

Na ce, "Baba, na gode da wahalarka. Ba wannan aikin aka kira ni ba."

Bai karɓa nan da nan ba. Ya ce in na hau motar nan ba takarda, dole ranar Lahadi ya karanta sunana gaban jama'a a sa ni a horo, a cire ni daga jibi har sai na tuba, kuma shi ne zai karanta da bakinsa. Na ce na sani. Na roƙe shi ya ɗora mini hannu ya yi addu'a kafin in tashi. Ya ɗaga hannun, ya kawo shi kusa da kaina, sai ya tsaya. Ya ce ba shi da izini. Ya karɓi ambulan ɗin ya riƙe a ƙirji. Direba ya danna ham. Na tashi na karkaɗe gwiwa na hau.

Shekara tara na yi a ƙauyen nan. Ba a taɓa aiko mini da takarda ba, ni ma ban sake nema ba. Na yi zazzaɓin da na ɗauka mutuwa ce, na kwana biyu a hannun jandarma sai da maigari ya zo ya karɓe ni, na yi shekaru ban ɗanɗana jibi ba. Da za a sake miƙo mini ambulan ɗin nan yau, da tsufana, zan sake mayarwa. Abin da bai bar ni ba shi ne fuskar tsohon nan, don kafin in waiwayo Kano an binne shi.

Ya cika maganarsa. Matan Zumunta sun ce ranar Lahadin ya karanta sunana, ya kai tsakiya ya tsaya, ya sha ruwa ya sake daga farko har ya gama. Ban ji da kunnena ba. A daidai lokacin ina durƙushe a wata bukka da hannuna cikin jini, ina ce wa wata yarinya ta ƙara nishi, kai ya kusa fitowa.