Karen da na kwanto a kufai

Shekarun baya can, lokacin gemuna bai fara furfura ba, an yi wata damina da labarin mahara ya cika ƙasarmu. Mutanen ƙananan ƙauyuka da yawa suka kwashe suka shige cikin ganuwar Gaya. Mu a Balan muka zauna, don dawa ta riga ta fitar da kai.

Ran nan na kai wa yayata hatsi Toranke, ina dawowa da jakina da hantsi, sai na ratsa ta wani kufai, gida uku, ba kowa. Na tsaya in sha inuwa, sai na ji wani wari. Na zagaya bayan rumbu na tarar da kare ɗaure a turke. Haƙarƙarinsa duk a waje, gashi ya zube, igiya ta ci wuyansa ta nutse cikin nama, tsutsa na motsi a ciki. Ya tone ƙasar da ke kewaye da turken har ta zama rami. Ina jin ruwan saman da ke taruwa a ramin ne ya riƙe shi. Bai yi haushi ba, ya dai bi ni da ido.

Niyyata in yanke igiyar in wuce. Na yanke, ya miƙe, ya faɗi. Na yi tafiyata har bakin hanya, sai na kasa. Na dawo na naɗe shi a tsohuwar tabarma na ɗora a kan jaki.

Mahaifiyata na ganina ta ajiye taɓarya. "Kai, me ka kwaso mana? Kare a gidan da ake salla?"

Na ce, "Inna, mutuwa zai yi."

Ta ce, "To ya mutu a waje."

Na je wajen limaminmu. Ya ce in don gadin gona ne babu laifi, amma kada ya shiga ɗaki, kuma a ware masa kaskonsa. Sai na yi masa shinge na ƙaya a gonata, kusa da bukka.

Akwai wani abokina Bafulatani da rugarsu ke wajen Gafasa, shi ya san ciwon dabba. Ya zo ya duba, ya girgiza kai. Ya ce in jiƙa taba in riƙa ɗiga ruwan a gyambon har tsutsar ta fito, in wanke da ruwan sassaƙen maɗaci, in shafa man shanu. Abinci kuma kaɗan-kaɗan, kunu da tsala. Ya ce, "Kuma kada ka zo masa ta sama da hannu. Wannan ya sha duka."

Kwana goma ina bin maganarsa, ciwo ya fara bushewa. Sai na ɗauki kaina gwani. Akwai guntun igiya da ya rage manne a naman, na ƙosa in cire. Na sunkuya a kansa na kama na ja. Kafin in ankara haƙoransa sun shige tafin hannuna.

Kafin azahar magana ta zagaye gari, wai mahaukacin kare ya cije ni. Maza suka zo gonar da sanduna, mai unguwa a gaba. Ba na ganin laifinsu, don kowa ya san yadda wanda irin wannan kare ya ciza yake ƙarewa.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba hauka ba ne, ni na fama masa ciwo."

Ya ce, "Kai ka sani, ko fata kake yi?"

Gaskiyarsa ce, fatan nake yi.

Liman ne ya raba. Ya ce a bar karen cikin shinge. In hauka ne, ba zai daɗe ba zai nuna, a kashe shi. In kwana arba'in suka wuce yana ci yana sha, a ƙyale mu. Mai unguwa ya yarda, da sharaɗin in karen ya fito daga shingen ko sau ɗaya, shi ke nan.

Waɗannan kwanaki ban ji daɗinsu ba. Kowace safiya sai na ɗebi ruwa na kurɓa a hankali, ina jiran in ji ko maƙogwarona zai ƙi, don an ce wanda haukan kare ya kama ba ya iya haɗiyar ruwa. A dandali in na zauna, na kusa da ni sai ya tuna da wani aiki. Hannun ya kumbura na kasa riƙe fartanya, ƙanena ya ƙarasa mini noman. Mahaifiyata ce ke wanke mini ciwon tana faɗa, kuma ita ce, ba tare da na roƙe ta ba, ta fara ware ƙanzon tuwo tana cewa, "Ungo, kai wa wancan abin naka."

Tunda hannu ya hana ni aiki, sai na wuni zaune a bakin shingen. Ba na taɓa shi, ba na kiransa. Guntun igiyar da na sha cizo a kansa, da kansa ya faɗi. Wajen kwana na talatin, ina gyangyaɗi, na ji abu mai sanyi a ƙafata. Hancinsa ne ya zuro ta tsakanin ƙaya. Na ƙi motsi har ƙafar ta yi sanyi ƙalau.

Arba'in ta cika, mai unguwa ya zo da kansa, ya ga kare na lashe kasko, ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya juya.

Shekara bakwai ya yi tare da ni. Gashi ya fito ja, sai dai wuyan da ya zauna fili. Gadin gonar da na yi wa liman alkawari kuwa, gaskiya bai yi ba. In birai suka shigo dawa, bayana yake laɓewa ya yi haushi daga can. Wata kaka ya kwanta a gindin bukka bai tashi ba, na haƙa rami na rufe shi.

Abin da ya zauna mini shi ne gaggawata. Na zaci tunda na ɗauke shi daga mutuwa, dole ya yarda da ni a kwana goma. Ashe ciwon wuyan ne mai saurin warkewa. Har yau in aka taso da hirar, wani kan tambaye ni amfanin da karen ya yi mini bayan duk wannan wahala. Nakan ce babu. Na same shi yana mutuwa, ya tashi, ya tsufa a gonata, kuma ni wannan ya ishe ni.