Geron Inna a Kan Dutsen Jos

Ni dai tun ina saurayi Sabon Birni ta yi mini kaɗan. Ba wai garin ya yi mini laifi ba. Nan aka yanke cibiyata, nan wanzami ya yi mini tsagen Gobir, nan ubana yake kwance. Amma ni tela ne, kuma tela a garinmu zamanin Nasara mutum ne mai aikin ɗan lokaci: bayan kaka in an sayar da gyaɗa, sai kuma gab da salla. Sauran shekara sai in zauna a rumfar kasuwa, ƙafata bisa keken ɗinki tana rawa ba zare ba ƙyalle, ina kallon jakunan fatake masu wucewa Maraɗi, ina jin kamar in tashi in bi su. Da damina kowa ya tafi gona, har da ni, dole. Wallahi na tsani noma. Hauya ma ta san na tsane ta, ba ta taɓa barin tafin hannuna lafiya ba.

Sai ga waɗanda aka ɗiba aikin haƙar kuza sun fara dawowa daga Jos. Wasu sun dawo da tari, wasu da labari, ni kuwa labarin na kama. Suka ce can lebura ma wando yake so, ga riga mai aljihu, tela ba ya ɗaga kai daga keke sai in salla za shi yi. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini, abinci ya daina yi mini daɗi. Matata 'yar garin Isa ce, bakinta ba ya da murfi. Da na yi mata zancen sai ta ce, "Maigida, ko yau ka ce mu tashi, tabarmata naɗe take. Na gaji da ganinka kana zagaye gida kamar akuyar da aka ɗaure."

Matsalar ita ce Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, Tela take ce mini, wani lokaci da zolaya, wani lokaci da faɗa. Ubana ya rasu, ƙanwata tana aure a Gatawa, ba wani namiji da ya rage mata sai ni. In na tafi na bar ta, na san ko zinariya nake ɗinkawa a Jos hankalina ba zai kwanta ba. In na zauna kuwa, haukacewa za ni yi. Don haka dole sai da ita.

Inna tana da wani gora, baƙi ƙirin saboda hayaƙi, rataye a saman murhunta. Irin gero ne a ciki. Duk kaka ita da kanta take shiga gayaunarta, 'yar gonar da ubana ya yanka mata, ta bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi masu tsawo da cikar ido, ta sussuke da hannu, ta cuɗa da toka, ta zuba a goran ta toshe. Daga hannun uwar ubana ta karɓi irin. Shekarar da fara ta cinye gonaki, ina ƙarami, har ganyen tafasa muka ci da dusa, amma goran nan ba a buɗe shi ba. Na taɓa taka turmi na miƙa hannu gare shi, yunwa tana juya ni. Muciya na sha a bayan hannu, har yau in sanyi ya yi wurin yana tuna mini. Inna tana dukana tana kuka, tana cewa, "Ba a cin iri! Ko mutuwa za mu yi, ba a cin iri!"

Na yi mata zancen Jos ta kowace fuska. Na ce akwai asibiti, ta ce lafiyarta lau. Na ce akwai famfo, ta ce gulbi bai ƙafe ba. Na yi fushi na daina cin tuwonta, ta ba kaji. Sai wata rana, shekarar da damina ta yi mana gardama, mun dawo daga roƙon ruwa a bayan gari, gero ya yi yaushi yana naɗe ganye, na same ta zaune tana kallon sama.

Na ce, "Inna, kin san can Jos ba a roƙon ruwa?"

Ta juyo. "Wane irin gari na wanga da ba a roƙon ruwa?"

"Kullum sai an yi. Waɗanda sunka dawo sun rantse mini. Har gajiya mutane ka yi da shi."

Ta yi tsaki, ta ce wanda ya gaji da ruwa ba shi da kunya. Amma na ga idonta ya koma kan goran. Bayan kaka ta kira ni ta ce, "Tela, in dai haka na, za ni. Amma da gorana."

Ni ba yaudararta na yi ba. Har cikin raina na ɗauka na samo wa geronta aljannar duniya. Mu mutanen Gobir, abin da muka sani game da ruwan sama ɗaya ne: ba ya isa. Ba wanda ya taɓa gaya mana yana iya yi wa hatsi yawa.

Muka ɗora keken ɗinki bisa raƙumi, Inna da yaranmu biyu bisa jakuna, muka kama hanyar Isa. Can muka yi bankwana da dangin matata, aka sha koke-koke, ni kuwa ina waje ina ta kai da kawo, ina ganin rana tana tafiya. Daga nan Shinkafi, sai Ƙaura inda jirgin ƙasa yake tsayawa. Inna ba ta taɓa ganin jirgi ba. Da ya yi kuwwa ba yaran ta rungume ba, goran ta rungume. A Zariya muka sauya zuwa wani ɗan ƙaramin jirgi mai hawa dutse yana nishi, wanda in ya zo hawa sai samari su sauka su bi shi da ƙafa. Ni ma sauka na riƙa yi, don zaman ya ishe ni.

Jos kuwa ta karɓe ni hannu biyu. Kai! Ban taɓa sanin haka duniya take da daɗi ba. Ga Yarbawa, ga Ibo, ga Kanawa, ga mutanen dutse masu garin, kowa da irin ɗinkin da yake so, ba mai tambayarka gonar wa ka gada. Na samu rumfa kusa da kasuwa, ƙafata ta samu abin takawa daga safe har magariba. Matata ta kama sayar da fura, kafin wata ya zagayo ta san kowa a unguwar, har ta fara faɗa da wasu. Yara suka yi ƙiba. Inna ce kaɗai take zaune a bakin ƙofar ɗakin da muka kama haya, lulluɓe da bargo, tana jiran damina.

Ba ta daɗe tana jira ba. Lokacin da a gida ake tsakiyar bazara, ana kwana a waje saboda zafi, sai ga ruwa ya sauko a Jos kamar da bakin ƙwarya. A garinmu ranar ruwan fari ba a zama. Za ka tona ƙasa da hannu, in danshi ya kai wuyan hannunka, to ko baƙo ne gare ka sai ka bar shi ka ɗauki sungumi. Inna ta fita bayan gida, inda mai gidan ya bar mata wani fili a gindin dutse, ta tona, ta tona, har gwiwar hannu danshi bai ƙare ba. Ta dawo tana dariya kamar yarinya.

Wata maƙwabciyarmu, 'yar mutanen dutse mai noman acca da dankali, ta leƙo ta ga abin da ake sakawa a rami. Ta ce, "Mama, wannan ba ya yi a nan. Bari in kawo miki acca." Inna ta yi mata godiya, da ta juya baya ta ce mini, "Ji min yarinya! Za ta koya mini gero."

Geron ya fito kuwa, ya yi tashin da ban taɓa gani ba, kore shar, kara kamar na dawa, ya wuce kan mutum. Inna ta riƙa jan duk wanda ya shigo gidan ta kai shi ya gani. Ni ma na riƙa hura hanci, ina cewa, "Ba na gaya miki ba?" Sai ya yi huda, ya fara ido. Lokacin da gero yake son rana ta gasa shi, lokacin ne saman Jos ta rufe ruf. Safe ruwa, azahar ruwa, in an ɗan tsagaita sai hazo ya sauko daga dutse. Zangarniya ta fara baƙi, ta yi funfuna, wata ma ƙwayar ta tsira tun tana bisa kara.

Wata rana na dawo cin abinci na tarar buhun guntayen ƙyallena ba kowa a ciki. Na leƙa bayan gida. Inna ce cikin ruwa, jiƙe sharkaf, tana ɗaura wa kowace zangarniya ɗan ƙyalle a ka, ja da shuɗi da kakin leburori. Yaran unguwa sun taru suna dariya. Raina ya ɓaci, na daka musu tsawa, na juyo kanta.

"Haba Inna! So kike ciwo ya kama ki? In abin ya kai haka, ki roƙi Allah Ya tsai da ruwan mana!"

Ta dube ni, ruwa yana bin tsagen fuskarta. Ta ce, "Da wane baki, Tela? Bakin da na tsufa ina roƙon ruwa da shi? Ba ni iyawa."

Ko cikin ƙoƙo ba ta samu ba a shekarar. Amma rabin goran ta shuka, don manomin Gobir ba ya zuba irinsa duka a rami ɗaya. Da damina ta zagayo ta ce ta gane kuskurenta, gaggawa ta yi. Ta danne zuciyarta, tana ji ana ruwa tana zaune, tana murza hannu, har sai da ta ƙiyasta an yi ruwan shuka a gida, sannan ta shuka. Wannan karon ƙasar ta riga ta sha ta ƙoshi, ta yi sanyi. Geron ya fito rawaya, ya tsugune, ɗan abin da ya yi ido tsuntsaye suka gama da shi.

Bayan haka ta daina fita bayan gida. Ta rame. Sai in ji ta tana girgiza goran kusa da kunnenta, abin da ya rage a gindinsa yana ɗan motsi. Ni kuma ga aiki ya yi mini yawa har na ƙara keke, amma na koma irin zaman da na baro: ƙafa bisa keke, hankali a wani wuri.

Da sanyi ya fara wucewa ta kira ni. Ta ce, "Tela, za ni gida. Irin ga ya kwana biyu cikin gora. In bai shiga ƙasa tai bana ba, ya mutu."

Na tashi tsaye. Na ce gero ne ba ta gani a kasuwa? Buhu-buhu ake sauke shi daga jirgi, daga ƙasarmu ma yake zuwa, in tana so in cika mata ɗaki da shi! Ta ce wancan hatsi ne, wannan iri ne. Na ce to a ba fatake goran su kai wa ƙanwata a Gatawa. Ta ce ƙanwata ba ta san zangarniyar da ake zaɓa ba, sai an tsaya a kanta an nuna mata. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce saboda ita na ƙi tahowa ni kaɗai, yanzu so take a ce na yar da uwata?

Inna ta bari na gama. Sannan ta ce, "Zauna, kana sa ni jiri. Kai ka samu garin da ya karɓe ka, na gani da idona, na kuma gode Allah. Ban ce ka biyo ni ba."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ba ta ce in biyo ta ba. Da ta ce, ban san amsar da za ni ba ta ba. Na san dai ba ni iya komawa rumfar nan in zauna ina kallon jakuna.

Wani kawun matata, bafatake, yana shirin komawa Isa, ya ce zai kai ta har ɗakin ƙanwata. Da safe muka raka su tasha. Jirgi yana ta huci, mutane suna tura kaya ta taga, ni ina ta faɗa da masu dako don kada in tsaya wuri ɗaya. Sai na ga Inna ta tsuguna a gefen dandamali, ta cire toshiyar goran. Ta kira matata, ta kama bakin gyalenta, ta zuba mata cikin tafin hannu biyu na irin, da tokarsa da komai.

Na ce, "Inna, mi za mu yi da shi? Ai kin gani, ba ya yi a nan."

Ta ce, "Na gani." Ta toshe goran, ta dubi yaran, sannan ta dubi matata. "Ba na shuka ba na. Ki wanke, ki daka ma ɗiyan ga, su sha."

Bayan hannuna ne ya fara amsawa, daidai inda muciya ta sauka. Inna ta san jikokinta ba za su taɓa riƙe sungumi ba, ta sani tun kafin ni in sani. Kawu ya kama hannunta ya hau da ita, jirgin ya ja.

Da muka koma gida matata ta wanke geron, ta daka, ta dama kunu ɗan kaɗan, iyakar abin da ya samu. Yaran suka shanye suka lashe ludayi, ƙaramar ta ce a ƙara mata. Matata ta ce babu saura, ta miƙo mini ɗan abin da ta rage a gindin ƙoƙo. Na riƙe shi har ya huce, ban iya kai shi baki ba.