Baba Dawo-Gobe da Ƙwan Fitilar da Ya Ƙi Wankewa

Kafin kowa ya buɗe shago a layin, shi ya riga ya share gaban nasa, ya fito da benci, ya fara rataye fitilu a wayar da ya ɗaure tsakanin ƙusa biyu. Manya a tsakiya, ƙanana a gefe. Akwai fitilun ƙwai irin na iyayenmu, akwai na tagulla masu dogon wuya da ake ajiyewa a kan tebur, akwai na bango masu gilashi kore da ja. In ya gama sai ya zauna, ya shimfiɗa tsumma a gwiwa, ya ɗauki almakashi yana datse lagwani a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Duk wanda ya zo karɓar aikinsa kuma amsa ɗaya ce: “Dawo gobe.” Da haka sunan ya bi shi, har jikokinsa Baba Dawo-Gobe suke ce masa.

Ban zo in ce mutumin nan yana da sauƙin sha'ani ba. Ba shi da shi. Amma ƙarshen watan nan zai rufe shago. Ido ya gaza, 'yarsa ta zo za ta tafi da shi. Shi ya sa na ce bari a faɗi abin da aka gani tun kunnensa na ji.

Dokokinsa biyu ne, kuma sun ishi kowa. Ta farko, fitila ba ta barin shagonsa da baƙin ƙwai, sai an wanke shi fes. Ta biyu, mai ita zai kunna ta a gabansa, ya ga yadda yake murɗa lagwani. Matar tela, wadda shagon mijinta ke jingine da nasa, ta taɓa tsayawa da goyo a bayanta, tukunya na kan wuta a gida, yana sa ta kunna ta kashe.

“Baba, na girmi wannan koyarwar,” in ji ta.

“Kin girme ta, amma rufin ɗakinki ya fi gindin tukunya baƙi. Sake.”

Ta tafi tana mita. Daga baya ita da bakinta take cewa tarin da ɗanta ke yi ya tafi tun da fitilar ta daina hayaƙi. Ungozomar layinmu ma ta ba da nata labarin. Ta kai masa tata a canza mariƙi kawai, ya riƙe ta, ya ce gindinta na tsiyayar kananzir. Ta ce sauri take yi. Ya ba ta aron wata, ya ce, “Ba zan ba ki wuta ki kai ɗakin mai jego ba.” Sai da ya liƙe wurin da dalma, ya zuba ruwa ya gwada, sannan ta ga kayanta.

Da zamani ya juya, masu hali suka fara neman tsoffin fitilu don adon falo, wani mai sayar da kayan ado ya riƙa zuwa da mota. So yake a huda gindin fitila, a zura waya, a sa mata ƙwan lantarki. Baba bai ƙi aikin ba. Waɗanda tsatsa ta cinye yakan goge su, ya yi musu waya, su fito gwanin sha'awa. Amma in fitila tana iya cin wuta, ko kusa. “Kawo matacciya in yi mata kwalliya,” yake cewa. “Mai rai ba na huda ta.” Mutumin ya fi nacewa a kan wata ta tagulla da ke rataye can ciki, ta Baba ce ta kansa, da ita maigidansa ya sallame shi ranar da ya gama koyo. Kullum ya tambaya, kullum a ce masa ya dawo gobe.

Maigidana, uban 'ya'yana, Allah ya jiƙansa, kafinta ne, kuma yana da irin wannan fitilar sak, gadon mahaifinsa. Ko da wutar lantarki ta zo gidanmu bai yarda an ajiye ta ba. Sai dai shi mutum ne mai son haske da yawa, lagwani sai ya murɗa shi har ƙarshe. Baba ya sa masa suna Sarkin Hayaƙi. Rabin rayuwarsu a kan wannan faɗan suka yi ta: shi ya ce gyaran Baba ne ba kyau, Baba ya ce hannunsa ne ba hankali. Ranar ƙarshe da ya fita da ƙafarsa, fitilar ya kai shagon. Ya dawo ya kwanta, bai tashi ba.

Da na sami ƙarfin fita, abin da na fara nema ke nan. Kayan aikinsa 'yan'uwa sun raba, tufafinsa an bayar. Ita kaɗai nake so.

“Dawo gobe, uwar yara.”

Na dawo. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama wata, damina ta shiga ta fita. Ga fitilar ina hango ta a saman kanta, ya lulluɓe ta da ƙyalle, ba ya bari ko a taɓa. In na yi magana sai ya ce sannu ba ta hana zuwa. Na ce masa, “Ƙarasa karin maganar, Baba, sai dai a daɗe ba a je ba.” Ko a jikinsa. Ya ci gaba da datse lagwanin wani.

Sai ga labari cewa zai rufe shago, kuma duk abin da ba a karɓa ba 'yarsa za ta haɗa wa mai kayan ado. Ranar tura ta kai bango. Na tsaya a ƙofar shagon, mutane na wucewa, ban damu ba.

“Baba, in ka lalata ta ka faɗa mini. In kuma so kake a huda ta a kai falon wani, ka faɗa mini. Takalmina ya ƙare a hanyar nan. Ka ba ni ita yadda take.”

“Ba ta fita da baƙin ƙwai.”

“To wanke shi mana. Ruwa ne ya ƙare a garin ko sabulu?”

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya ce, “Dawo gobe.” Allah ya sani, da ba babba ba ne, da na faɗi abin da zan yi nadama.

Washegari na zo, na tarar da ita a kan benci. An liƙe gindinta, an sa sabon lagwani, ƙwai yana ƙyalli kamar ruwa. A gefenta ga wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Ya buɗe a hankali. Tsohon ƙwan ne, baƙi ƙirin da hayaƙi, sai dai a jikinsa akwai wani dogon layi inda aka shafa da yatsa, da sawun babban yatsa a ƙarshensa.

“Ranar da ya kawo ta,” in ji Baba, “ya shafa nan ya nuna mini, ya ce in ga irin gyarana. Na ce masa Sarkin Hayaƙi, tafi ka dawo gobe.” Ya ƙara da cewa, “Na ɗauki soso ban san sau nawa ba. Hannuna ya ƙi.”

Tela ne ya ƙarasa mini sauran, don shi Baba ba zai faɗa ba. Ashe duk watannin nan wani ƙwai yake nema da zai shiga fitilar, irinsa kuma an daina yi. Ya bi kasuwannin tsoffin kaya, ya aika, ya cigita, bai samu ba. Na leƙa can ciki. Fitilar maigidansa tana rataye a inda take, amma babu ƙwai a jikinta.

Na ce wa Baba, “Da ka faɗa mini tun farko, me zai ragu a jikinka?”

Ya ce, “Kunna in gani.”

Ni da nake kuka, sai da mutumin nan ya sa na kunna, ya ce na ɗaga lagwani da yawa, ashe abin na gida ne.

Baba, kai ne mai taurin kai da ban taɓa ganin irinsa ba. Kai ne ka wahalar da ni, ka bar ni ina zarginka a zuci, alhali magana ɗaya ta isa. Kai ne kuma ka tsare mini sawun hannun mijina, wanda da ni aka ba tun ranar farko, da na kai shi bakin famfo na wanke ban sani ba. Ba ka karya dokarka ba, ba ka kuma goge abokinka ba. Taka fitilar ka makantar don tawa ta gani. Na gode. Allah ya sa haske a idonka da kabarin iyayenka, ya ba 'yarka haƙurin zama da kai, don za ta buƙace shi.

Ku kuma masu sana'a, ku koyi riƙon amanarsa, amma don Allah ku bar masa shirunsa, ku riƙa yi wa mutane bayani. Masu fitilu a shagon, ku je ku karɓi kayanku kafin wata ya ƙare, ku yi masa godiya a fuskarsa. In ya ce ku kunna, ku kunna kawai. Wannan karon babu goben da za a dawo.

Wanda kuma Allah ya sa yana da tsohon ƙwan fitilar tagulla a ɗakin kakarsa, mai faɗin ciki da ɗan siririn baki, ya kawo mini. Akwai fitila ɗaya da bai kamata ta bar layin nan a makance ba.