Kayen Ingilishi na Ɗana na Fari

Ko an sa ni kabari ban jin zan manta da ranar da aka karanta mini kayen ɗana, wato littafinsa na rubutu. Shekara huɗu ke nan da muka rufe shi a Babankatami, ni kuma na shiga karatun manya da furfura a kaina. Ba don son boko na shiga ba. Kayen nan na makaranta da ya bari a cikin adakata shi ya kai ni, ina son in ji abin da hannunsa ya rubuta.

Ɗan fari ne, kuma kun san al'adarmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa dafa kansa gaban mutane ba. "Kai yaro" nake ce masa. Ina alfahari da wannan kunyar, har mata na yaba ni. Yana kwaleji a Madawa, in damina ta faɗi ya zo hutu ya kama noma. A hutunsa na ƙarshe ya zo a rame, yana tari yana juya baya. Wata rana na kai fura gona, na tarar ya jingina da hauya yana haki.

Ya ce, "Inna, in an ƙare noma, ko a kai ni wurin likita a Buza?"

Na ce, "Mi ya same ka? Karatun lakwal ya mai da kai raggo, shi ke nan. Sha fura ka duƙa."

Ya sha, ya duƙa. Ba a kai ga yankan gero ba ya faɗi yana aman jini, kuma a bisa amalanke ya cika, ba mu ko hango Buza ba.

Da na fara haɗa baƙi, sai na buɗe kayen, na ga haruffan na san su amma maganar ba tawa ba ce. Ashe Ingilishi ne. Na kai wa mushenmu, wato malamin ajinmu, wani dattijo da ya yi zama a Sakkwato har ya iya Ingilishi, bayan an tashi aji da la'asar. Ya sa tabarau ya ce, "Ai wannan darasin kalmomin tsoro ne, Inna." Ya yi ta nuna mini da yatsa: ga tsoron kansa, ga mai jin tsoro, ga abin da ke ba da tsoro. Ya ce kalma guda ce suke sake mata wutsiya, wani wurin ta zama suna, wani wurin ta zama aiki. Akwai na fargaba, akwai na firgita. Daga ƙasa an ce kowane yaro ya yi jimla da kowace.

Sai ya nemi rufe kayen.

Na ce, "Mushe, ban tako nan don ka ji tausayina ba. Karanta."

Ya karanta yana mai da shi Hausa. Ta farko: ina jin tsoro in na ga jini a tarina. Ta biyu: likita abin tsoro ne, amma zan je. Ta uku: uwata ba ta tsoron kome. Ta ƙarshe: ina tsoron in gaya wa uwata.

A gefe akwai jan rubutu. Na tambaya, ya ce malaminsu ne ya yaba masa, don bai yi kure ko ɗaya ba. Wato wani ya karanta wannan, ya duba wutsiyar kalmomi, ya sa hannu ya wuce. Na buɗe baki zan tsine masa, sai na fasa. Shi baƙo ne, a takarda ya gani. Ni da na haife shi a gabana ya yi haki.

Na koma gida na zauna bakin murhu, har tuwo ya ƙone ban sani ba. Yaron nan sai da ya ari harshen da ba kowa ke ji ba a garinmu kafin ya iya faɗin abin da ke cinsa, don a Hausa na rufe masa ƙofa.

Tun ranar na yar da wannan kunyar. Mata sun yi da ni, sun ce boko ya ɓata tsohuwa, ban ko waiwaya ba. Abin da na koya shi ne, in ɗanka na tsoronka fiye da ciwon da ke jikinsa, to ba tarbiyya ka yi ba. Yau duk ɗan da ya shigo gidana a sunkuye, na fari ne ko auta, sunansa nake kira, in zaunar da shi, kuma ba ya tashi sai ya faɗa mini.